Idan Boila Ta Fara Kuka: Yadda Ake Wanke Baƙar Laka Daga Bututun Ɗumama Gida a Birtaniya

A hunturunmu na biyu a Manchester ne ƙarar ta fara. Na saita boila ta kunna kanta da ƙarfe biyar da rabi na asuba don gidan ya yi ɗumi kafin yara su tashi, sai ya zama ita ce ke tashinmu: gurnani, sannan ƙwanƙwasa, sannan wani irin tafasa kamar an manta buta a kan wuta. Ɗakin yara kuma ba ya ɗumi yadda ya kamata, ga kuɗin gas yana hawa. Mu da muka tashi a inda sanyi ke nufin hazo na 'yan makonni da rigar sanyi guda ɗaya, ba mu gaji wannan sana'a ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya da hannuna, daki-daki.

Abu biyu kafin ka taɓa komai. Idan haya kake a Ingila, gyaran kayan ɗumama gida da na ruwan zafi nauyin mai gidan ne, sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora masa. Rubuta masa, ka ajiye shaidar ka rubuta, kada ka kwance masa radiyeta ba da izininsa ba. Na biyu, duk abin da ya shafi gas, har da buɗe murfin boila a yawancin na'urorin zamani, aikin mai rajista ne da Gas Safe, rajistar masu aikin gas ta hukuma, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Duk abin da zan faɗa a nan ɓangaren ruwa ne kaɗai: radiyetoci, bawul da bututu. In kuwa ka ji warin gas, bar wannan rubutu, buɗe tagogi, ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Daga ina lakar take zuwa

Radiyetar gida 'yar'uwar lagireton mota ce, sai dai ita ɗaki take ɗumamawa. Ruwa ɗaya ne yake zagaye shekara da shekaru, daga boila zuwa radiyetoci ya dawo. Radiyetocin na baƙin ƙarfe ne, ruwan kuma yana ɗauke da iskar oksijin, sai ƙarfen ya riƙa cinyewa daga ciki. Abin da ke zubowa ba jar tsatsa ba ce irin ta kwanon rufi, baƙa ce wuluk, mai laushi kamar kwalli da aka dama. Masana na kiranta magnatayit, kuma maganaɗisu yana kama ta. Tana da nauyi, don haka takan kwanta a gindin radiyeta inda ruwa ba ya gudu sosai. Wadda ta taso kuma ta bi ruwa ta shiga famfon da ke tura ruwan, ta shiga ƙananan hanyoyin cikin boila. A can ne take liƙewa, wurin ya yi zafi fiye da kima, ruwan da ke gefensa ya tafasa, kumfa ya fashe. Ƙarar butar da kake ji ke nan.

Akwai kuma farar ƙasa, irin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Wannan matsalar mutanen Landan ce da kudu maso gabashin Ingila, inda ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsun alli. Ruwan Manchester daga tafkunan arewa yake zuwa, su Thirlmere da Haweswater, ba shi da wannan nauyi, don haka a wurinmu laka ce babbar abar zargi. Duba butarka: in fari ya yi mata ɓawo, to boilarka ma na iya ɗauke da irinsa, kuma maganin laka kaɗai ba lallai ya kashe ƙarar ba.

Saurara tukuna

Ba kowace ƙara ce laka ba, kuma na ga wanda ya kwashe Asabar da Lahadi yana zubar da ruwa alhali iska ce kawai ta shiga. Kunna ɗumamar, ka ba ta rabin awa, sannan ka bi kowace radiyeta kana shafawa da bayan hannu. In sama ne da sanyi ƙasa da zafi, ga kuma ƙarar ɓulɓul kamar ana ɗura tulu, iska ce. Ɗan makullin sace iska zai gama maka aikin cikin minti biyu. In kuwa sama da gefe suna da zafi amma tsakiyar ƙasa sanyi ƙalau, kamar an tara tudu a ciki, laka ce. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a ƙarƙashin katakon bene daidai lokacin da zafi ke hawa ko yake sauka, bututu ne ke miƙewa yana gogar katako, wankewa ba za ta hana shi ba.

Gwaji biyu ke cire kokwanto. Tara farin tsumma a bakin ramin sace iska na radiyetar ƙasa, ka bari ruwa kaɗan ya fito. Ruwa mai lafiya garau yake ko da ɗan launin rawaya, mai laka kuwa kamar baƙin shayi ko tawada. Sannan ka ɗauki maganaɗisu, ko da na jikin firji ne in yana da ƙarfi, ka ɗora a bututun jan ƙarfe kusa da famfon da ke tura ruwan. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu. In ka ji ya manne, abin da ke cikin bututun ne ya kama shi.

Sai ka san irin tsarin gidanka. In boilarka kombi ce, wato mai ba da ruwan zafi kai tsaye ba tare da tanki ba, ko akwai ɗan agogon matsi a jikinta, tsarin rufaffe ne: ana cika shi ta wani ɗan tiyo mai saƙar ƙarfe da ke ƙarƙashin boila, allurar kuma takan tsaya tsakanin lamba 1 da 1.5 idan ruwan da sanyi. In tsohon gida ne, hau saman silin ka leƙa. Za ka iya tarar da tanki biyu. Ƙaramin shi ne na ɗumama gida. Babban na ruwan wanka ne, kuma kada ɗigon magani ya kusance shi.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai sassautawa guda biyu, makullin sace iska, tiyon ban-ruwa da maɗaurinsa mai sukuru, mazurari, gudumar roba, bokiti, tire mara zurfi da zai shiga ƙarƙashin bawul, leda mai faɗi da tsummoki masu yawa. Sai magani iri biyu, na wankewa da na hana tsatsa. Sentinel suna da X400 da X100, Fernox suna da F3 da F1, Adey suna da MC3+ da MC1+. Ka ɗauki biyun daga kamfani ɗaya, ka karanta jikin kwalbar don sanin lita nawa take ɗauka, ka kuma tabbatar ta dace da alminiyam domin boiloli da yawa na yanzu da shi aka yi cikinsu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Satumba ko farkon Oktoba, da sanyi bai kankama ba kuma za ka iya kunna ɗumama kullum. Ba na ba kowa shawarar ya zubar da ruwan gidansa a Janairu da jariri a ɗaki.

Zuba maganin wankewa

A rufaffen tsari, hanya mafi sauƙi ita ce radiyetar banɗaki, mai kama da tsani wadda ake rataya tawul. Kashe boila, bari ruwa ya huce. Rufe bawul ɗinta biyu na ƙasa. Buɗe ramin sace iska har ruwa ya daina tsartuwa, sannan ka kwance babban murfin da ke samanta da sifana. Zuƙe ruwa kamar lita ɗaya da rabi ta siririn tiyo zuwa bokiti don magani ya sami wuri, amma kada ka ja da baki. Zuba maganin ta mazurari, mayar da murfi, buɗe bawul biyun, ƙara ruwa har allura ta koma wurinta, sace iskar da ta rage.

A tsari mai tanki, nemo hannun ƙwallon da ke iyo a cikin ƙaramin tankin, wanda ke buɗe ruwa ya cika shi, ka ɗaure shi sama da igiya a jikin sanda don ruwa ya daina shiga. Kafin ka zuƙe komai, kwashe ruwan tankin da kofi ka goge dauɗar gindinsa da soso. In ka bar ta, kai da kanka za ka tura ta cikin bututu. Daga nan ka zubar da ruwa kamar bokiti biyu ta magudanar ƙasa, zuba maganin a tankin, kwance igiyar. Ruwan da ke sauka zai ja maganin ya shiga da shi.

Yanzu sai haƙuri. Buɗe kowace radiyeta har ƙarshe, ka ci gaba da ɗumama gida yadda ka saba. X400 ana iya barinsa har mako 4 a tsarin da ya yi datti sosai, wasu magungunan kuwa ba a wuce mako guda da su, kwalbar za ta faɗa maka. Ni mako biyu na bar nawa. Abin da na ga ya fi tasiri a cikin kwanakin nan shi ne wannan: rufe dukkan radiyetoci ka bar guda ɗaya, famfo ya zuba mata duk ƙarfinsa na minti goma zuwa sha biyar, kana bubbuga gindinta a hankali da gudumar roba, da tsumma a tsakani don kada fenti ya ɓare. Sai ka buɗe ta gaba kafin ka rufe wannan, kada a taɓa samun lokacin da duka suke rufe boila tana ci. Za ka ji sanyin tsakiyar nan yana raguwa a ƙarƙashin hannunka.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa maka tun yanzu: a tsohuwar radiyeta, wani lokaci lakar ce ke toshe ɗan ramin da tsatsa ta huda. In magani ya narkar da ita, yoyo zai bayyana. Ba maganin ne ya huda ba, amma kafet ɗinka ne zai sha. Riƙa leƙa ƙarƙashin kowace radiyeta kullum, musamman wadda fentinta ya yi bororo a gindi.

Ranar zubarwa

Ware yini guda. Kunna ɗumama na awa ɗaya da safe don lakar ta taso, sannan ka kashe boila daga makunnin bango, ba daga agogonta kawai ba, don kada ta kunna kanta babu ruwa a ciki. Bari ya huce har ka iya riƙe bututu da hannu. In kana da tanki, ɗaure ƙwallon nan. In akwai bawul mai mota, wato mai ɗan injin lantarki, kusa da tankin ruwan zafi, wani ɗan akwatin ƙarfe da waya a jikinsa, tura ɗan hannunsa ka saƙale shi a buɗe, in ba haka ba wani ɓangare zai riƙe ruwansa.

Nemi magudana, wani ɗan baki mai gaɓa-gaɓa da kai mai kusurwa huɗu, a radiyetar da ta fi kowace ƙasa, sau da yawa kusa da ƙofar gida ko ta baya. Cusa tiyo, ɗaure da maɗauri sosai, kai ɗaya bakin magudanar ruwan ƙazanta, wadda ruwan kicin ko banɗaki ke bi. Kada ka sake shi a lambu ko a kan dutsen ƙofar gida, tabonsa ba ya fita da sauƙi. Buɗe magudanar. Da ruwa ya fara tafiya, hau bene ka buɗe ramukan sace iska na sama, za ka ji suna zuƙar iska. Bayan minti goma ka sauko ka buɗe na ƙasa. A gidajen da daɓensu siminti ne, bututun radiyetocin ƙasa daga sama yake saukowa, kowace tana da magudanarta, sai ka bi su ɗaya-ɗaya.

A nan ne aikin gaske yake, kuma a nan mutane ke yin ƙwauron ƙarfi. Zubarwa ta tiyo ba ta da gudun da zai kwashe lakar da ta daskare. Radiyetocin da suka fi sanyin gindi sai an cire su an kai waje.

Shimfiɗa leda, ɗora tsummoki, tura tire ƙarƙashin bawul. Rufe bawul mai lamba. A ɗaya gefen akwai bawul mai farar hula wadda ba ta juyawa. Cire hular, ka rufe shi da sifana kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta a takarda ka liƙa a bango. Wannan ƙirgar ita ce rabon ruwan da aka yi wa kowane ɗaki, in ka ɓatar da ita sai radiyetar kusa da boila ta cinye zafin, ta nesa ta zauna da sanyi. Riƙe jikin bawul da sifana ɗaya, ka kwance notin da ke haɗa shi da radiyeta da ɗayar. Riƙon nan wajibi ne. In bawul ya juya, bututun jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa zai lanƙwashe. Ko da ka zubar da ruwan gidan kaf, akwai sauran baƙi a gindi, shi ne mafi kauri. Karkata radiyetar gefe guda ya tsiyaye a tire, toshe bakin biyu da tsumma, ku ɗaga ta ku biyu daga maratayinta, ku kifa ta ƙafa a sama kafin ku yi taku ɗaya. Ni ban kifa ta farko ba, kuma ɗigon da ya zuba daga ɗakin yara zuwa matakala bai fita daga kafet ɗin ba har muka canza shi.

A waje, jingina ta a kan katako ko tsohon kwali, cusa tiyon famfo a baki ɗaya, naɗa tsumma don ruwa ya matsu, buɗe famfo har ƙarshe. Abin da zai fito zai ba ka mamaki. Bubbuga, girgiza, juya ta, ka mayar da tiyon ɗaya bakin. Idan ka ga ruwa ya washe kada ka yarda da shi nan take: toshe baki ɗaya da tafin hannu ta cika, ku jijjiga ta, ka saki. Sau da yawa sai baƙi ya sake ɓarkowa. Ka daina ne kawai idan bugu da jijjiga ba sa sake tayar da komai.

Mayar da ita, ɗaure noti da hannu tukuna don kada zaren ya hau karkace, sannan ka ƙara da sifana ba da ƙarfin tsiya ba. Buɗe bawul mai hula daidai adadin da ka rubuta.

Ɗauraya, da abin da ba a tsallakewa

Rufe magudana da duk ramukan iska. Cika tsarin, ka fara sace iska daga radiyetocin ƙasa ka hau sama, kana komawa wurin agogo kana ƙara ruwa duk lokacin da allura ta faɗi. Kunna boila na minti goma sha biyar, kashe, bari ya huce, zubar. Ka maimaita. A gidanmu sai a karo na huɗu ruwan ya yi kyau. Kada ka yi hukunci da ido a bakin tiyo. Tara a kofin gilashi, ka ajiye kusa da kofin ruwan famfo a gaban farar takarda. In ba ka iya bambance su, ka gama. Ragowar maganin wankewa bai kamata ya zauna a ciki ba.

Cikawa ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci. Ka tuna abin da ya haifi lakar: oksijin da ke cikin ruwa. Yanzu ka wanke ƙarfen tas, ka kuma cika shi da sabon ruwan famfo mai ɗauke da oksijin fal. In ka tsaya nan, ka buɗe wa tsatsa sabuwar gona. Zuba maganin hana tsatsa ta hanyar da ka zuba na farko, gwargwadon yawan radiyetocinka, mai fuska biyu ka ƙirga ta biyu. Ya ɗan yi yawa ya fi ya gaza. Liƙa takardar da ke zuwa da kwalbar a jikin boila da kwanan wata. Mayar da hannun bawul mai mota wurinsa, kwance ƙwallon tanki, rufe tiyon cikawa gaba ɗaya. Cikin mako na farko za ka sace iska sau biyu ko uku, wannan ba matsala ba ce.

Ƙa'idar Birtaniya kan ruwan ɗumama gida, BS 7593 ta 2019, ta ce a sa matata ta dindindin a kan bututu, a gwada ƙarfin maganin duk shekara, a sabunta shi bayan shekara 5 ko a kai ruwan a gwada a ɗakin bincike. Matata mai maganaɗisu, irin su MagnaClean, ana ɗaura ta a bututun da ke dawo da ruwa boila, ta kama baƙin kafin ya shiga. A ganina duk cikin kuɗin da za ka kashe babu wanda ya kai wannan amfani, kuma tun da ruwan a zube yake, ranar ce ta fi dacewa fulamba ya ɗaura maka.

Sannan ka nemo ta inda iska ke shiga. In kana ƙara ruwa a kombi duk bayan mako biyu, akwai yoyo a wani wuri, ko tulun da ke shanye kumburin ruwa ya sace, kuma kowane ƙari sabon oksijin ne da kuma tsarma maganinka. Leƙa ɗan bututun da ya fita bayan bango daga boila, in yana ɗiga ka gaya wa injiniya. A tsari mai tanki, hau sama lokacin da famfo ke aiki ka duba lanƙwasasshen bututun da ke leƙa cikin ƙaramin tanki. In ruwa na zubowa ta bakinsa, tsarin yana shaƙar iska ke nan dare da rana, sai an rage gudun famfo ko an gyara haɗin bututun. Radiyetar da ke tara iska kowane mako kuma, mai yiwuwa ba iska ba ce, haidurojin ce da tsatsa ke fitarwa. Tana kama wuta, kada ka gwada ta da ashana.

In bayan duk wannan boila ba ta daina tafasa ba, ko ruwan wanka a kombi yana zafi yana sanyi, to toshewar tana cikin boilar kanta, inda hannunka ba ya zuwa. Injiniya zai iya cire ɓangaren ya wanke ko ya canza. Zai iya kuma kawo maganar wankewa da inji mai tura ruwa da gudu, aikin da ke cin fam ɗaruruwa. Kafin ka amince, auna kaurin bututun da ke shiga radiyetocinka. In milimita 15 ne, injin yana aiki sosai. In siriri ne kamar fensir, milimita 8 ko 10, ruwan ba ya samun gudun da ake buƙata, kuma toshewar na iya ƙin motsi. Tambaye shi ko zai bi radiyetocin ɗaya bayan ɗaya, wane maganin hana tsatsa zai zuba a ƙarshe, kuma ka nemi ganin katinsa na Gas Safe, gaba da baya, domin a bayan ne aka jera irin ayyukan da aka yarje masa.